Gorar Baba da Wayar Bakin Fadama

Kankara,
9 ga Maris, 1978.

Zuwa ga Yayana Gide,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Suwaibatu da yara. Ina gajiya, ina aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da aka ce bai san rani ba? Allah Ya tsare ka a wannan tashar jiragen ruwa, Ya sa albarka a cikin abin da kake nema. Mu nan gida lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da ka aiko, sai dai ta ce warinsa ya fi ciwon damun ta. 'Yar'uwarmu Talatu ta sauka lafiya a Sheme, an samu ɗa namiji, na je suna na dawo da ƙafar rago. Maiɗakina Khadijatu ta yi nauyi, muna sa rai ƙarshen watan nan in Allah Ya yarda. Albasar Baba kuwa bana ta yi kyan da har masu wucewa suna tsayawa kallo, shi kuma yana yi kamar bai gan su ba.

Takardarka ta iso hannuna ranar Litinin, kuma na karanta ta har sau uku. Da farko raina ya ɓaci, daga baya na yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, domin a cikin laifuffukan da ka jero mini akwai ɗaya da na aikata da gaske. Ka ce labari ya iske ka cewa na karya gorar Baba wadda ya gada wurin Kaka, na ƙaryata shi a gaban mutane, kuma in ban je na durƙusa ba kada in sake kiran ka Yaya. Na san mai kai labarin. Audi direba ne, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Bai yi ƙarya da gangan ba, amma ya bar garin nan labari yana tsakiya, sai ya ɗauki rabi ya kai maka, ya cike sauran a hanya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, Yaya, don haka ka yi haƙuri da tsawon takardar nan ka ji yadda aka yi. Abin da ke kan faifai ba gora ba ce, ran Baba ne.

Ka tafi kafin a kai wuta bakin fadama. Bara aka kafa turaku daga gidan injin lantarkin da nake aiki har zuwa sabon injin ruwa da ke ba gari famfo, kuma ina cikin waɗanda suka ja wayar. Wayoyi huɗu ne tsirara, ba roba a jikinsu, sun bi ta gefen gawon nan namu na kan iyakar lambu, ta wajen gabas. Tun ranar da muka ɗaura su na ce wa Baba ya bar mini rassan wannan gefen, duk lokacin da yake son ganye ya gaya mini in kashe inji tukuna. Ya ce to. Kai ma ka san irin wannan to ɗin na Baba, wanda ma'anarsa ita ce na ji bakinka yana motsi.

A watan jiya, wata ranar Asabar da hantsi, ya je sassabo wa ragunansa ganyen gawo da gorar nan mai lauje a kai. Laujen ya zarce reshe ya maƙale a waya. Inji yana aiki a lokacin, ana jin ƙararsa har fadama. Baba ya ja, ya girgiza, wayar ta yi lilo, laujen ya fita, ko ƙwarzane bai samu ba. Tsautsayin da aka yi shi ne Malam Rabo, taubashin nan nasa da ba su taɓa haɗuwa ba su yi tsiya ba, yana tsaye a gefe yana kallo. Kafin la'asar labari ya zagaye gari. Kafin Juma'a an ce Baba ya kama wayar da hannu, an ce har wutar ta yi ƙara ta koma inda ta fito. Aka tuna cewa Baba ɗan tauri ne a zamanin ƙuruciyarsa, cewa wuƙa ta sha lanƙwashewa a cikinsa a filin wasa, tsofaffi suka tono kirarinsa da aka manta shekara talatin. Lissafin da suka yi mai sauƙi ne: waya ƙarfe ce, ƙarfe kuwa ba ya cin ɗan tauri.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko abin ya yi mini daɗi. Tun da Baba ya ajiye wasan tauri ya kama carbi ban taɓa ganin sa yana tafiya irin haka ba, ƙirji a gaba, hula a karkace. Har tuwo ya ƙara ci. Na ce a raina, bari tsoho ya ji daɗinsa kwana biyu, tunda ni na san abin da ya cece shi, kuma zan je in sare rassan in huta. Wannan jinkirin ma laifina ne, ko da yake ba ka sa shi a lissafinka ba.

Bari in gaya maka abin da ya cece shi, domin sai ka gane wannan za ka gane sauran. Wutar lantarki ba ta zabga wa mutum sara kamar wuƙa, bi take yi ta cikin abu, kuma kullum hanya take nema ta sauka ƙasa. Ka tuna yadda Baba yake ba fangali ruwa a lambu: inda ya buɗe da fartanya nan ruwa zai bi, inda ya toshe da laka nan zai tsaya. To, akwai abubuwan da suke buɗaɗɗiyar hanya ce gare ta, kamar jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da duk danginsu, shi ya sa da su ake yin waya. Akwai kuma waɗanda suke toshe ta, irin su roba da kwalba da busasshen itace, da farin tangaran ɗin nan da kake gani a kan turaku, wanda yara suke cewa kofin shayi ne aka kife. Aikinsa ke nan, ya hana wuta barin waya ta gangaro ta jikin turke. Tsuntsun da ya sauka a waya ba ya mutuwa, ba don yana da laƙani ba, sai don ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya kuma bai taɓa ƙasa ba, wutar ba ta da inda za ta bi ta cikinsa ta je. Ranar nan wutar ta shiga laujen Baba sarai, amma da ta zo bakin gora sai ta tarar da ƙofa a rufe. Gorar nan ta fi ni shekaru, ta bushe ƙamas, ga shi kuma ya sa takalminsa na taya saboda ƙayar gawo. Matsalar ita ce busasshen abu ba ya zama amintacce in ya jiƙe. Ruwa irin namu na rijiya da fadama, mai kanwa-kanwa da gishiri-gishiri, hanya ne. Jikin ɗan Adam ma haka yake, jini da gumi ne, hanya ce buɗaɗɗiya. A Kaduna, lokacin da nake koyon aiki, na ga wani abokin aikinmu da ya hau jiƙaƙƙen tsani bayan ruwan sama, tsanin da ya hau sau ɗari a bushe. Da hannuna na taya aka ɗauki gawarsa, kuma har yau ba na son tuna fuskar matarsa.

To, sai Malam Rabo ya tsoma baki. A majalisar ƙofar gidanmu ya ce shi dai yana zaton inji a kashe yake ranar, ƙarar da aka ji ta injin niƙa ce, kuma taurin wasu ya tsufa tare da haƙoransu. Wasa yake yi, na sani, irin wanda suka saba tun suna kiwon awaki. Amma ya taɓa Baba inda ke masa ƙaiƙayi. Nan take Baba ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da injin ruwa yake aiki, kowa ya zo gindin gawo. Zai ɗora lauje a kan waya ya riƙe har Rabo ya ƙirga goma, kuma zai yi ba takalmi, yadda ɗan tauri yake shiga fili. Ni ba na nan aka yi wannan. Ranar Laraba da safe Inna ta gaya mini, tana murza hannu, na wuce lambu don in same shi mu yi magana mu biyu. Ban same shi ba, amma na sami gorar. Tana kwance cikin ramin jigo, tsawonta duka a cikin ruwa, an danne ta da duwatsu biyu.

Kai manomi ne kafin ka zama ma'aikaci, ka san dalili. Jan da ya yi wa waya ya sa laujen ya yi sako-sako, shi kuma ya yi abin da kowane manomin kirki yake yi wa ƙotar da ta saki: ya jiƙa ta ta kumbura ta kama ƙarfe gam. Ba ya son lauje ya kunyata shi a gaban jama'a. Wato da hannunsa, cikin iya aiki da kula da kaya, ya buɗe ƙofar da ta rufe ta cece shi, kuma zai tsaya ƙafa tsirara a kan danshin lambu. Na tsaya a bakin ramin nan ina duban gorar. Ba zan ce maka lallai da wutar ta kashe shi ba, rai na Allah ne, wani takan jefar da shi ya tashi, wani takan riƙe shi. Amma ba da tsoho mai shekara saba'in zan gwada in gani ba. Na tsamo gorar, na saɓa a kafaɗa, na ratsa gari da ita tana ɗiga, na kai gidan inji na kulle. Ban karya ta ba, ko tsagewa ba ta yi ba.

Za ka ce me ya hana ni kashe inji ranar Juma'a a wuce wurin salin-alin. Na yi wannan tunanin. Na farko, Malam Rabo zai kasa kunne, in bai ji ƙara ba zai faɗa. Na biyu kuma, wanda ya fi, in Baba ya yi ya tsira a gaban jama'a, to an tabbatar wa gari cewa tauri yana maganin waya. Akwai samari da yawa daga nan har Ketare da suka sha tauri, kowa zai so ya gwada nasa, ranar da ba ni ke bakin aiki ba.

Yanzu ga laifina. Da la'asar na dawo na tarar da majalisa ta cika, Baba yana tambayar wanda ya taɓa masa gora. Da na durƙusa na ce ina son magana da shi a cikin gida, da an wuce wurin. Amma tsoro ya riga ya koma fushi a cikina, ka kuma san bakina. A tsaye, a gaban Malam Rabo da kowa, na ce ni na ɗauke, kuma ba tauri ya cece shi ba, busasshiyar gora ce da takalmin taya. Ko Malam Rabo sai da ya sunkuyar da kai. Baba ya dube ni, ya naɗe buzunsa ya shiga gida. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na bi shi na gaishe shi bai amsa ba. Inna ta ja ni gefe ta wanke ni tas, ta ce magana zarar bunu ce, kuma ko gaskiya ce a bakina ai ba a yi wa uba wanka a kasuwa. Da asubar Alhamis Audi ya tayar da mota ya nufo ku, iyakar abin da ya sani ke nan.

Abin da bai sani ba shi ne, a safiyar nan Inna ta sake zuwa da labarin da ya fi na jiya muni. Baba ya aika wurin wani mai gini da aka kawo wa gora daga dajin Sabuwa don rufin ɗaki, ya ce a zaɓo masa doguwa guda. Ɗanya shar, ruwanta a jikinta. A nan na gane ɗauke gora bai yi maganin komai ba, na dai ƙara masa dalilin yi ne. Sai na je na ɗauko tasa, har yanzu da damshinta, na ɗauko jakar aikina, na same shi a zaure shi kaɗai yana gyaran igiya. Na cire takalmi na durƙusa, Yaya, tun kafin ka umarce ni. Na ce na tuba da abin da bakina ya faɗa da inda ya faɗe shi. Na ce ga gorarsa na dawo da ita. Sannan na roƙe shi abu ɗaya: shi ya koya mini buɗe fangali ina ɗan shekara bakwai, ya bar ni yau in nuna masa nawa aikin sau ɗaya, ba kowa sai mu biyu, bayan haka ya yi abin da ya ga dama. Sai ya ture igiyar gefe.

Ka tuna ƙwan lantarkin da ka sa aka ja mana zaure. Daga nan na jawo 'yar waya. Na jera kwalabe biyu a ƙasa, na ɗora busasshen karan dawa a kansu don kada ya taɓa ƙasa, na naɗa wayar a bakinsa ɗaya. Muna da wani ɗan abin aiki da muke kira tasta, kamar ƙaramin sukundireba ne mai ɗan ƙwai a ciki. In ka ɗora babban yatsa a gindinsa, bakinsa ya taɓa abin da wuta ke ciki, sai ƙwan ya yi ja. Na kunna, na taɓa wayar da shi, ya yi ja. Na taɓa ɗaya bakin karan, shiru. Na ce masa ga gorarsa ta ranar Asabar. Na kashe, na sauke karan, na ɗora jiƙaƙƙiyar gorarsa a kan kwalaben, na naɗa wayar a jikin lauje, na roƙe shi ya ja da baya. Na kunna, na zagaya can ƙarshenta, daidai inda hannunsa ya yi shekara arba'in yana riƙewa har wurin ya yi santsi. Na ɗora tasta. Ƙwan ya yi ja wur.

Na zaci zai yi gardama, na ma tanadi amsoshi. Bai yi ba. Ya matso ya tsuguna yana duban ɗan jan ƙwan nan, sannan ya dubi yatsana da ke kan gindin tasta. Ya tambaye ni, tunda na ce kullum hanya take nema ta wuce, to in ta fito daga gora ta kunna wannan ɗan ƙwan, ina take zuwa. Na ce ta cikin yatsana take bi, ta ratsa jikina ta sauka ƙasa, sai dai akwai wani abu a cikin tastan da ke matse ta, ɗan kaɗan ne yake wucewa, ko ji ba na yi. Ban rufe baki ba ya kai wa hannuna duka, tasta ta yi tsalle ta faɗi bakin ƙofa. Tsohon nan har yanzu yana da ƙarfi, sai da wuyan hannuna ya kwana yana zafi. Ya ce, "Kai ba ka sha komi ba, mi ya kai ka?"

A nan Allah Ya ba ni maganar da ban shirya ba. Na kashe wutar, na ce masa ba zan ƙara yi masa gardama a kan taurinsa ba, abin da ya sha shi ya sani. Amma gobe in ya ɗaga gora, ina tsaye a bayansa. In wuta ta riƙe shi, na san ƙa'idar aikinmu sarai, ba a taɓa wanda wuta ta kama da hannu, busasshiyar sanda ake nema a ture shi. Na koya wa mutane wannan ya fi a ƙirga. Amma na san kaina, in na ga ubana yana karkarwa ba zan tsaya neman sanda ba, rungume shi zan yi. Ita kuwa ba ta tambayar wane ne ya sha, wane ne bai sha ba. In ma ta ratsa shi ba ta yi masa komai ba, ta jikinsa za ta bi ta shigo nawa. Na ce, "Baba, ni ban sha tauri ba, kuma Khadijatu wata ɗaya ya rage mata." Na ji Inna ta ja hanci a bayan ƙofa, ashe tana nan tun farko. Baba ya tashi ya ɗauki gorarsa, ya fita da ita tsakar gida ya jingine a rana, ya wuce lambu.

Ranar Juma'a gindin gawo ya cika, har da masu tallar gyaɗa. Na je na tsaya inda na ce zan tsaya, ban san abin da zai yi ba. Sai ga shi ya taho da rigar masallaci, takalmi a ƙafa, hannu ba komai sai carbi. Ya dubi jama'a ya ce, "Ƙarhe bai ci na, kowa ya sani. Amma abin ga ba sara yake ba, bi yake, ni kuwa ina da ɗiya." Malam Rabo ya buɗe baki zai yi tsiya, Baba ya ce masa ga waya nan ga ɗanyar gora an kawo, in yana so ya ɗaga, shi zai ƙirga masa goman. Aka fashe da dariya, Malam Rabo ya ce shi taurinsa na tuwo ne. Daga nan Baba ya shiga yi wa mutane bayani, da fangali da laka da tsuntsu da komai, kai ka ce shi ya yi shekara uku a Kaduna. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, ni kuma ban taɓa jin daɗin a manta da ni irin na ranar ba. Washegari na nemi izinin shugabanmu na kashe inji na awa ɗaya, Baba da kansa ya sare rassan gabas da gorarsa, raguna suka yi kwana uku suna biki. Yanzu duk makiyayin da ya doso turakun nan da doguwar sanda, tun daga nesa zai ji muryar Baba.

Kada ka ɗauka ya yarda cewa ni ke da gaskiya. Bai faɗa ba, ba zai faɗa ba, ni ma na daina nema. Abin da ya yi shi ne wannan. Ranar Lahadi da safe ina shirin fita aiki ya kira ni ɗakinsa. Na tarar da ƙoƙo a gabansa da wani baƙin ruwa a ciki. Ka tuna yadda muka yi ta roƙon sa muna yara ya ba mu tauri, yana cewa ya rufe wannan babin, 'yan boko ba su da abin yi da shi? To, shi ne. Ya ce in yi bisimilla in shanye, tunda na zaɓi in yi rayuwata a cikin ƙarafa. Na shanye, Yaya. Maɗaci albarka. Na san ba zai tare wuta ba ko ta ƙwan tocila, amma ban taɓa shan abin da ya kai shi daraja a wurina ba, sai da na juya baya na share ido. Ina ajiye ƙoƙon ya ce in miƙo jakar aikina. Ya zaro safar hannuna ta roba, wadda nake sawa in zan hau turke, ya juya ta, ya hura mata iska ya matse bakin, ya kara a kunnensa. Sai ga iska tana fita ta wani ɗan rami tsakanin yatsu, wanda ni mai takardar shaida ban gani ba. Ya dube ni irin kallon da yake yi mana in mun bar akuya ta shiga gona, ya cusa safar a ƙarƙashin buzunsa, ya ce ba zan ƙara hawa turke ba sai an samo sabuwa, kuma in rubuta wa yayana ya sayo mini, tunda can ne jirage suke sauke kayan Turawa. Yanzu ta wani abokin aiki nake ara, ita ma sai da Baba ya hura ta.

Don haka takardar nan amsa ce, kuma saƙo ce. Roƙona gare ka biyu ne. In za ka rubuto wa Baba, kada ka tayar da maganar wa ya yi daidai wa ya yi kuskure, ka tambaye shi albasa da raguna kawai. Sannan ka yafe mini ɓacin ran da na jawo maka daga nesa. Fushinka ya nuna mini cewa ko kana bakin teku kana tsare da mutuncin gidanmu, kuma na gode. Ina nan ina kiran ka Yaya, ko ka amsa ko kada ka amsa.

Ka gaishe mini da Yaya Suwaibatu da kyau, ka ce Khadijatu tana godiya da atamfa. Ka shafa mini kan Hadi da Bilki, ka ce wa Hadi in ya ci jarrabawa akwai tocila tana jiran sa. Inna tana gaishe ku, Talatu da maigidanta suna gaishe ku, Goggo Barakatu ta aiko daga Sabuwa tana tambayar yaushe za ka zo. Malam Rabo ma ya ce a gaishe ka, ya ce ka aiko masa da kifi don wahalar ƙirgar da bai yi ba. Audi kuwa ka ba shi ruwa ya sha, ka ce ya riƙa jiran ƙarshen labari. Baba yana zaune a zaure yanzu da nake rufe takardar nan. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka safar hannun ta zama mai kauri, ƙafa biyu, kada ka sayo mai araha.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Maharazu.